Yadda ake riƙe yaran ƙwallon unguwa har su fita da hali, ba ƙafa kaɗai ba

Wannan rubutun na ƴan'uwana ne masu riƙe da yara a filayen unguwa, ko a nan Garwa ta Kamaru kake, Yelwa ko Poumpoumré ko Djamboutou, ko Marwa, ko Kusseri, ko can tsallaken ruwa Njamena, matsalar duk iri ɗaya ce. Yara ashirin da wani abu, ƙwallo biyu ɗaya ma tana sacewa, kuma kowane ɗayansu so yake ya zama Vincent Abubakar, shahararren ɗan wasan gaban Kamaru. Abin da kowane koc ya sani a ransa kuwa shine da ƙyar a samu ɗaya a cikinsu da zai ci abinci da ƙwallo, amma dukkansu in Allah ya raya su magidanta za su zama, wani ɗan kilando mai haya da babur, wani tela, wani malamin lekol wato makarantar boko, wani soja. Abin da zai bi su har can hali ne. Shi kuma hali ba a cusa shi da dogon wa'azi bayan antirenman, wato atisaye, lokacin da yara sun gaji suna jin ƙishirwa, abin da suke zuba wa ido shine me koc zai yi ranar da gwanin ƙungiya ya taka doka. To ga yadda ake bi, daki-daki.

Na farko, kafin ka sayi ƙwallo ka je gida

Ka fara da jauro ko lawan na unguwa. Ka je da kanka, ka cire takalmi, ka gaishe shi, ka ce ranka ya daɗe ina so in tara yara a fili kaza, ranaku kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kafin magariba. Ranar da rigimar fili ta taso, kuma za ta taso, ko masu ɗaurin aure su kafa rumfa ko manya su ce su ma nan za su buga, wannan gaisuwar ce za ta cece ka.

Daga nan sai iyaye, gida gida. Kar ka karɓi yaro saboda ya ce ai Baba ya yarda, wallahi da yawansu satar jiki suke yi. Ka zauna a zaure ka faɗa wa uban abin da ka ɗauka da abin da ba ka ɗauka ba: Baba ni ban yi alkawarin kai shi Turai ba, alkawarina zai dawo gida kafin a kira magariba, kuma duk ranar da ya tsallake makarantar allo ko lekol ba zai taɓa ƙwallo a wajena ba. Ka karɓi lambar wayar uban ko ta yayansa, ka tambayi mahaifiyarsa ko yana da wani ciwo, asma ko sikila ko farfaɗiya, don su iyaye mata su suka fi sanin wannan. Sannan ka nemi ganin akte ɗinsa na haihuwa da idonka, ka rubuta shekarar a littafi. Za mu dawo kan wannan maganar a ƙasa.

Na biyu, doka kaɗan amma wadda ba ta lanƙwasuwa

Dokoki huɗu sun isa. In suka yi yawa kai kanka mantawa za ka yi, kuma dokar da koc ya manta sau ɗaya ta mutu. Zuwa kan lokaci. Ba zagi, musamman zagin iyaye, wanda ya yi zagin uwa ya gama wasan ranar. Ba a mayar wa arbitir, alƙalin wasa, magana, kyaftin kaɗai ke zuwa wajensa shi ma hannu a baya. Makaranta kafin fili. Shikenan. Ka faɗe su a gaban kowa ranar farko, da Hausa da Fillanci da Faransanci in akwai wanda ba ya ji, tare da hukuncin kowace, don kar a wayi gari kana ƙirƙiro hukunci cikin fushi.

Na uku, kuma nan ne duk aikin yake: ka fara da gwaninka

Kowace ƙungiya tana da shi. Yaron nan mai lamba goma da in ya riƙe ƙwallo har masu sayar da rake suke barin baro su zo kallo. Shi ne zai fara gwada ka, ba don mugunta ba, don tun yana ƙarami kowa ke ɗaga masa ƙafa. Zai zo a makare ranar Talata, zai ƙi zuwa Alhamis, ranar Lahadi da ake da babban wasa a gasar vakans ta lokacin hutun makaranta sai ga shi da sabon aski yana ɗaure igiyar takalmi yana jiran ka miƙa masa riga.

Kar ka miƙa masa. Ka kira sunaye goma sha ɗaya, ka sa yaron nan da bai taɓa fashi ba ko da ƙafarsa ba ta kai ba, shi kuma gwanin ka nuna masa benci, wanda a wajenmu sau da yawa ba benci ba ne ma, tushen dalbejiya ne ko bulo biyu. Ka shirya, don abin da zai biyo baya ba daɗi. Ƴan kallo za su taso maka, koc ka sa yaron nan mana, koc an saye ka ne, wani Alhajin da ya saya muku riguna zai aiko a ce maka ya ce a saka shi. Idan aka zura muku ɗaya kafin hutun rabin lokaci hayaniyar za ta ninka. Yaran da ke cikin fili su ma suna waiwayenka, ba ƙwallo kaɗai suke kallo ba, so suke su ga ko maganar da ka yi ranar farko magana ce ko iska. In ka sa shi saboda ana cin ku, ka koya wa yara ashirin cewa doka ta marasa iyawa ce, kuma da wannan karatun za su shiga kasuwa da ofis da gidan aure. In ka daure ko da an cinye ku, daga ranar ba za ka ƙara yin ihu a kan lokaci ba.

Amma akwai yadda ake yi, don ba wulaƙanci ake nema ba. Kar ka yi masa tsawa a gaban mutane, kar ka kira shi mai girman kai. Kafin a fara wasa ka ja shi gefe ku biyu, ka dafa kafaɗarsa ka ce ƙanena ka san dokar, yau ba za ka fara ba, ba don na daina sonka ba, ranar Talata in ka riga kowa zuwa rigarka tana nan. Ka ba shi aiki a bencin, ya riƙe jarkar ruwa, ya duba maka ta wane gefe suke shigo mana. Washegari ka bi shi gida ka ji dalili, don wani lokacin ba iskanci ba ne, uban ne ya tura shi gona ko kiwo, ko shi ke tsaron shago. Idan uzuri ne na gaske sai ka koya masa ya riƙa aiko da saƙo tun kafin lokaci, wannan ma tarbiyya ce.

Kuma ka ba su labarin wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2017 a Libreville. Ƴan wasan Kamaru da dama sun ƙi amsa kiran kocin ƙasar Hugo Broos a waccan shekarar, ya tafi da waɗanda suka yarda su zo, mutane ba su sa musu ran komai ba. A wasan ƙarshe Masar ta fara ci ta ƙafar Elneny. Wa ya farke? Nkoulou, daga benci ya taso. Wa ya ci ta biyu a minti na 88? Abubakar, yaron Coton Sport, kulob ɗin nan namu na Garwa, shi ma daga benci ya shigo bayan hutun rabin lokaci. Da sun zauna suna kumbure-kumbure don ba a fara da su ba, da jikinsu da hankalinsu ba su shirya ba lokacin da aka kira su.

Na huɗu, ka tsara antirenman yadda ƙoƙari zai fito fili

Cewa yara ku dage ba ya nufin komai in ba su san wane abu ake kira dagewa ba. Awa ɗaya da rabi ta isa. Minti 15 zuwa 20 na farko ɗumama jiki, gudu a hankali, tsalle, tsayuwa da ƙafa ɗaya, ba wai a jefa musu ƙwallo su fara dukan gola da sanyin jiki ba. Sai toro, biyar a waje suna ba juna fas biyu a tsakiya suna neman ƙwacewa, taɓawa biyu. Sai aikin ƙafar da ba ta iya ba, minti goma kullum, na dama ya yi da hagu bahago ya yi da dama, a jikin katanga ma ya isa. A nan za ka gane halin yaro fiye da ko'ina, don ba wanda ke son a ga gazawarsa, wani zai yi ta yi ana masa dariya har ta fara zama, wani kuma da ka juya baya zai koma ƙafarsa ta gado. Sai a ƙare da ƙaramin wasa, biyar-biyar ko bakwai-bakwai, don kowa ya taɓa ƙwallo da yawa. Yara ƴan ƙasa da shekara 12 ka nema musu ƙwallo lamba 4, lamba 5 ta yi musu nauyi.

A cikin ƙaramin wasan ka sa doka ɗaya: wanda ya zubar da ƙwallo shi zai fara bin ta, nan take, ba tsayawa riƙe ƙugu ba, ba ɗaga hannu ana zargin wanda ya ba da fas ba. Wannan ƴar dokar ita ce ɗaukar alhakin kuskurenka, sai dai da ƙafa ake koyon ta ba da baki ba.

Sannan ka lura da abin da kake yabo. Wanda ya ci ƙwallo ai duniya ta riga ta yabe shi. Kai ka ɗaga murya ka kira sunan wanda ya dawo da gudu tun daga gaba ya tare, da wanda ya ba da fas alhali zai iya bugawa, da golan da aka ci shi ya tashi ya karkaɗe jiki ya ci gaba da tsara ƴan bayansa. Ka faɗi takamaiman abin da ya yi, ba yawwa kawai ba. Abin da koc ke kiran suna a kai shi yara ke ƙara yi.

Wani abu kuma da nake roƙon ku da Allah, kar a haɗa ƙoƙari da ganganci. Zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana haura digiri 40, ba a antirenman da tsakar rana, sai sassafe ko bayan la'asar. A tsaya shan ruwa duk bayan minti 15 zuwa 20, kuma hana ruwa ba horo ba ne, zalunci ne. Da azumi a sassauta, ko a mayar da shi bayan an sha ruwa in akwai haske a filin. Yaron da ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko jiri na ɗibarsa, ko ya taɓa faɗuwa haka kawai, a cire shi a kai shi asibiti a duba zuciyarsa, kar wanda ya ce masa rago. Marc-Vivien Foé, ɗan wasan Kamaru, ƙato ne mai ƙarfi, a tsakiyar fili ya faɗi a Lyon ranar 26 ga Yuni 2003 ana wasa da Kolombiya, ciwon zuciya ne, bai tashi ba. Haka wanda ya yi karo da kai ya rikice, ya gama wasan ranar ko da ya rantse ya warke.

Na biyar, kowa ya yi bauta

Tsince duwatsu da kwalabe a fili, zuba toka a ja layi, ɗebo ruwa, hura ƙwallo, wankin riguna. Ka rubuta juyi, kowa da makonsa, har gwanin, har ɗan mai kuɗin unguwa. Kar a bar wa ƙanana kaɗai. Kuɗin karo-karo kuma, ko sefa 100 ne a mako, a samu littafi, yaro ɗaya ya riƙe littafin wani babba ya riƙe kuɗin, ƙarshen wata a karanta a gaban kowa, an tara kaza an sayi kaza saura kaza. Kai koc kar kuɗin ya kwana a aljihunka. Wanda ba shi da shi kar a kore shi kuma kar a faɗa a gaban mutane.

Na shida, ranar da aka cinye ku

Da an hura tashi, kafin komai, layi, a gaisa da abokan karawa da arbitir ko da kuna ganin ya cuce ku. Kai za ka shige gaba. In koc ya bi arbitir da zagi to ya ba ƴan kallo izinin jifa, kuma duk mun san yadda wasan unguwa da unguwa ke komawa faɗan da za a yi wata ana jinyarsa.

Kar ka yi dogon bayani a ranar. Jini na tafasa, kai ma naka na tafasa, duk abin da ka faɗa zai fi ƙarfin laifin. Ku sha ruwa, ka ce Alhamdulillah ba wanda ya ji ciwo, mu haɗu Talata. Ranar Talata ku zauna a ƙasa a zagaye, kowa ya faɗi abu ɗaya da shi kansa zai gyara, ba abin da wani ya ɓata ba. Kai za ka fara da naka. Wanda ya ɓarar da fanareti ko golan da ta zame masa kuwa, a daren ranar ka kira wayar gidansu ko ka leƙa, don yaro ɗan shekara 14 yana iya kwana yana kuka a kan abin da kai ka manta kafin isha'i. Kuma fanareti na gaba in ya ce zai buga ka bar shi.

Idan ana cin ku da yawa kuma lokaci bai ƙare ba, ka hana su sakin jiki. A wasan neman na uku na kofin Afirka da aka yi nan gida, Fabrairun 2022 a Yawunde, Burkina Faso ta kai 3 da 0 a kan Kamaru. Bahoken ya rage ɗaya, Abubakar ya zura biyu a mintunan ƙarshe, aka je fanareti Kamaru ta ci 5 da 3. Yaranka da yawa sun kalli wannan wasan da idonsu, tuna musu kawai za ka yi. Nasara ma tana da nata ladabin, ba gwalo, ba zuwa gaban ƴan kallon wasu ana rawa. Shi kansa Abubakar ɗin da ya ci Birazil a Qatar a Disambar 2022, murna ta sa ya cire riga alhali yana da katin gargaɗi, aka ba shi jan kati. Ƙwallon ta shiga tarihi, amma ka nuna wa yara cewa dokar ba ta duba girman wanda ya taka ta ba.

Na bakwai, abubuwa huɗu da ke cinye mana yara

Rage shekaru. Wani zai zo maka da shawara a yi wa yaro sabon akte, ɗan 19 ya koma 15, har a ce ai kowa na yi. Kar ka sa hannu. Farko dai ƙarya ce ka koya masa a kan sunansa da ranar haihuwarsa, sannan ka danne haƙƙin ɗan 15 na gaskiya, sannan asiri na tonuwa. An yi lokacin da ƴan wasa 21 cikin 30 na tawagar Kamaru ta ƴan ƙasa da 17 suka faɗi gwajin shekaru na hoton ƙashi (MRI) da hukumar ƙwallon ƙasar, FECAFOOT, ta sa aka yi a ƙarƙashin Samuel Eto'o, duniya duk ta ji.

Tramol. Ana ce wa yara yana hana gajiya. Maganin ciwo ne mai kama mutum, yana kuma jawo farfaɗiya in aka sha da yawa. In ka ga alama kar ka fara da kora, korarsa tura shi ne wajen masu sayarwa. Ka zauna da shi, ka sa iyaye a ciki, a nemi likita, amma ba zai buga wasa ba sai ya bari.

Cacar ƙwallo a waya. Wanda ya saba sa kuɗi a kan wasan Turai wata rana zai sa a kan nasa wasan. Ka hana ta a fili, kai ma kar a gan ka da tikiti.

Sai dillalan ƙarya, masu zuwa da takarda mai tambarin kulob ɗin Turai su ce a kawo miliyan kaza na biza da jirgi. Iyaye su sayar da shanu ko fili, yaro ya ƙare a wata ƙasa ba kulob ba kuɗin dawowa. Ka sani, dokar FIFA ta hana kai yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo sai a wasu ƴan yanayi ƙalilan, kuma kulob na gaske ba ya karɓar kuɗi a hannun iyaye don gwaji. Hanyar da aka sani ita ce ta gida. Coton Sport tun 1986 take nan, ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008 ta kara da Al Ahly, daga cikinta Abubakar ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010. Yaron da ya isa, a filin wasa na Roumdé Adjia da ke nan Garwa ma za a gan shi.

Na takwas, kai kanka da kuma ranar rabuwa

Ka riga su zuwa fili. Kar ka sha sigari a gabansu, kar ka daki ɗan kowa, kar ka keɓe da yaro a ɗaki, magana ta sirri a yi ta a gefen fili inda ana hango ku. In an kira sallah a tsaya, waɗanda ba musulmi ba su huta su sha ruwa, kuma kar ka bari a raba ƙungiya wannan Bahaushe wannan Bafillace wannan Kirista, in za a raba biyu a antirenman kai ka raba, ka cakuɗa su.

Duk ƙarshen zangon karatu ka ce kowa ya kawo bultan ɗinsa, takardar sakamakon jarrabawa, ka gani. Mai shirin jarrabawar CEP ko BEPC ka rage masa ranaku da kanka tun kafin uban ya hana shi gaba ɗaya.

Sannan idan yaro ya kai 17 ko 18 kuma ka ga a ranka ƙwallo ba za ta ciyar da shi ba, kar ka yi ta ja masa rai don yana maka amfani a tsakiya. Ka zaunar da shi ka faɗa masa gaskiya a hankali, zai ji zafi, wataƙila ya yi wata bai gaishe ka ba. Ka je wajen uban ku yi shawara, in karatu ne karatu, in sana'a ce ka kai shi da ƙafarka wajen makaniki ko mai walda ko tela da ka yarda da shi, ka ce Malam ga ɗana, ba ya makara kuma ba ya ɗauke-ɗauke, na tsaya masa. Ka bar masa ƙofar fili a buɗe ranar Lahadi, in yana so ka ba shi usur da ƙananan ƴan shekara 10 ya fara riƙe maka su, ka nuna masa yadda ake rubuta sunaye a littafi da yadda ake zuwa gaida iyayensu.